Ya Raɗa wa Ɗanmu Sunan Ɗan Takara

Hajiya Rahmatu, don Allah ki taimake ni, gidanmu na neman watsewa a kan sunan jariri.

Na haifi ɗanmu na fari, namiji. Tun ina da ciki maigidana ya yi wa mahaifiyarsa, Inna Indo, alkawarin zai mayar da sunan marigayi mahaifinsa. Kafin suna har ta fara yi wa yaron wasan jika, tana ce masa maigidanta ya dawo. Ranar suna da safe, a zaure, sai ya raɗa wa liman sunan wani ɗan takara. Daga bakin maroƙi Inna ta ji.

Ba wai ban san abin da ya ja shi ba ne. Ya gama karatu ba aiki, ya koma acaba, soja sun taɓa zane shi a layin mai. Da aka ce soja za su koma bariki, ɗan takarar nan ya zo Ƙofar Marusa, ya sauko daga mota, ya riƙe hannun maigidana ya tambayi sunansa. Ya dawo gida yana hawaye, wai yau aka ɗauke shi mutum. Ni ma in mutumin yana magana a rediyo tsigar jikina tashi take, ba zan ɓoye ba.

Amma Inna ba ta sake ɗaukar yaron ba. In na kai mata shi sai ta juya fuska bango. Ga hawan jini ya kwantar da ita, ƙafafunta sun kumbura. Shi kuwa yana can yawon kamfe, wai in an ci zaɓe za ta gane. Tsoro nake ji ta rasu da fushinsa, wallahi ko abinci ba na iya ci.

Mai jego, Katsina

'Yata, sannu da jego, Allah ya raya.

Ba zan ce mijinki mahaukaci ne ba. Yaran da suka tashi ƙarƙashin bulala ba wanda ya taɓa tambayar ra'ayinsu, duk wanda ya fara kallon idonsu ya gama da su. Ya zaɓi wanda yake so, haƙƙinsa ne. Amma ƙuri'a ake ba ɗan takara. Sunan nan na Inna ne, an riga an yi mata alkawari.

Kada ki zagi gwaninsa, zai ƙara kafewa. Ki sami baffansa ko limamin da ya raɗa sunan, su zaunar da shi. Sauya suna ya halatta, ba sai an sake yanka rago ba. Sannan ya ɗauki yaron da hannunsa ya kai mata, ya durƙusa ya nemi gafara. Kafin nan ki ci gaba da kai mata shi kullum, ko ta juya baya.

Kada ku jira zaɓe. Mutumin nan bai ma san an yi masa takwara ba, Inna kuwa tana kwance.

Allah ya ba ta lafiya, ya sa ta ɗauki jikanta.