Dalilin da Auta Ya Rage Hoton

Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga wanta, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sauƙaƙa maka aikin nan da ba ya barin ka hutawa. Mu ma nan muna lafiya gwargwado. Gwiwar Mama ta yi sauƙi tun da aka canza mata magani, har ta koma hawa bene ba tare da an riƙe ta ba, sai dai tana hawa tana mita. 'Yan biyuna sun gama jarrabawa, ɗaya ta ci, ɗaya kuma ta ce malamin ne ba ya son ta, ta manta ni ma malama ce. An gyara rufin ɗakin baya, bana ba mu tara roba ko ɗaya saboda yoyo ba.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa alhali kusan kullum muna waya. Dalili shi ne duk lokacin da ka kira, Mama na zaune kusa da ni, kunnenta kuwa ya fi na kowa a gidan nan. Kuma ban yarda da muryata ba a kan wannan magana.

A kiranka na ƙarshe ka tambaye ni ko allon kwamfutar da ka aiko wa Auta ya lalace ne, don ka ga a bidiyon da ya turo maka hoton wasan ya yi dishi-dishi, ga baƙi a gefe da gefe. Na ce maka lafiyarsa ƙalau, na kau da zancen. Ban yi maka ƙarya ba, amma ban gaya maka duka ba.

Ni ma na yi wannan tambayar tun bara. Ranar da allon ya iso, mutum biyu suka ɗauko shi daga mota saboda faɗinsa, Auta na bin su a baya yana ta kashedi kamar jariri aka ɗauko. Da aka kunna, har gashin girar mutum kana iya ƙirgawa. Bayan kwana biyu na leƙa ɗakinsa, sai na tarar yana wasan harbin nan da suke gasa a kai, amma hoton ya koma kamar na tsohuwar talabijin ɗin Baba. Mutanen ciki sun yi faɗi kamar an danne su, ciyawa ta zama shafe-shafen kore. Raina ya ɓaci. Na ce masa wansa bai sha wahalar aiko da abu mai kyau don a mayar da shi haka ba.

Ya yi dariya, ya jawo mini kujera, ya ce tunda ni malamar lissafi ce zai yi mini bayani da yarena. Ya ce hoton da ke kan allo ƙananan ɗigo ne aka jera, kuma kwamfuta sai ta zana kowane ɗigo, ta goge, ta sake zanawa sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Ya tambaye ni, idan kowane ɗalibi ya rubuta mini shafi goma, takarda nawa zan duba kafin a tashi, idan kuma shafi ɗaya ne fa. To haka kwamfuta take. In ka rage mata ɗigon, sai ta riƙa sako sabon hoto da sauri, motsi ya yi santsi, abin da hannunka ya yi ya bayyana nan take. Ya ce a wasansu, tsakanin wanda ya faɗi da wanda ya tsira bai kai ƙiftawar ido ba. Sannan idan aka ja ƙaramin hoto ya cika babban allo, abokin hamayya yakan yi faɗi, ido ya fi saurin kama shi. Ganye da inuwa da ƙyalƙyali kuwa ado ne, ba abin da suke yi sai ɓoye mutum. Ya ƙara da cewa yawancinsu a kan tsofaffin kwamfutoci suka koya, hannunsu ya saba, ba su son canji. Sabon shiga ne ke neman kyan hoto, in ji shi, gwani sauri yake nema.

Ban yarda ba sai da na tambayi Dogo, abokinsa na tun yarinta, wanda yanzu shi ne shugaban ƙungiyarsu ta mutum biyar. Ya ce gaskiya ne, kusan dukkansu haka suke yi. Daga nan na saki jiki. Har na koma ina yi wa baƙi bayanin da kaina, ina ji da kai.

Wata biyu da suka wuce, ana tsakiyar hutun rabin sa'a, aka ce ina da baƙo a ƙofar ofishin malamai. Na fito na ga Dogo, yana ta juya makullin babur a hannu. Ya daɗe yana gaisuwa kafin ya shiga maganar. Ya ce Auta ya daina jan hoton ya cika allo, ya matse shi a tsakiya, ya bar baƙi dama da hagu. Wannan ma ba laifi ba ne, akwai gwanayen da suka fi son haka. Amma kowane wata sai ya ƙara matse shi, har ya kai abin da Dogo bai taɓa ganin wani ya yi ba. Kuma 'yan wasa matsowa suke yi kusa da allo, shi kuwa tura shi yake yi baya, har ya sa an ƙara wa teburinsa katako. Abin da ya fi damun Dogo shi ne, duk wanda ya ɓullo wa Auta ta gaba ya gama yawo, har yanzu ba mai saurinsa, amma in ta gefe ne, sai mutum ya zo ya tsaya kusa da shi bai sani ba. Ya ce sun sha yi masa tsiya a kai, yana mayar da abin wasa. Ranar da ya miƙa masa hannu daga gefe a shagon da yake aiki, Auta bai karɓa ba kuma bai san an miƙa ba, ranar Dogo ya daina dariya.

Yaya, haka muka yi sallama da Dogo. Na koma aji na rubuta lissafi a allo ban san me nake rubutawa ba. Abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Kofuna nawa Auta ya ture a gidan nan muna cewa garaje ne. Kafaɗarsa kullum tana bugun bakin ƙofa. Ya ajiye babur ya ce ƙafa ta fi lafiya. Ya daina yarda magariba ta same shi a waje, har Mama na sa masa albarka wai aure ya natsar da shi. Da na dawo na ja matarsa ɗakina, ban gama tambaya ba ta fashe da kuka. Ta ce ta fi shekara da lura. A shagonsa na gyaran waya, in ƙaramin noti ya faɗi a kan tebur, sai ya bi teburin da tafin hannu. Ta yi masa magana sau uku, ya ce gajiya ce, ya roƙe ta kada ta ɗaga wa kowa hankali.

Ban yi masa faɗa ba. Na same shi da safe kafin ya fita, na ce ya raka ni asibitin ido, idona na damuna. Ya dube ni ya daɗe, ya ce ya san Dogo ya je wurina. Sannan ya ɗauki rigarsa ya bi ni.

Likitar ta sa shi ya kafa haɓa a kan wata na'ura, ta ba shi maɓalli ya danna duk lokacin da ya ga haske ya ƙyalla. Ina bayansa ina kallon hannunsa. Hannun nan da ake tsoro a gasa, sai ya yi shiru na dogon lokaci, yatsan na jira. Bayan an gama sauran gwaje-gwaje ta zaunar da mu. Ta ce ciwo ne da ke cin ganin mutum daga gefe yana matsowa tsakiya a hankali, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Tabarau ba ya gyara shi, aiki ba ya gyara shi. Na ce ko kallon allon ne ya jawo, don ina neman abin da zan kama in hana. Ta ce a'a, da shi aka haife shi, ko bai taɓa ganin kwamfuta ba zai zo. Na tambaye ta saura shekara nawa. Ta ce ba ta sani ba, wani yakan daɗe ƙwarai da ɗan ganinsa na tsakiya, wani kuma abin ya yi sauri. Auta tambaya ɗaya ya yi, ko zai iya ci gaba da gyaran waya. Ta ce a yanzu zai iya.

Sai ta tambaya ko akwai wanda ya taɓa yin haka a danginmu. Na buɗe baki zan ce babu, sai na tuna Baba. Ka tuna yadda yake juyo da kansa gaba ɗaya in an yi masa magana, da yadda yake faɗa in an gusar da kujera daga wurinta? Mun ɗauka tsufa ne da zafin rai. Ba ta yanke hukunci ba, amma ta ce a duba kowa. An duba ni da 'yan biyu, ba a ga komai ba tukuna. Don Allah ka je a duba ka, ka kai yaran duka uku. Kada ka ce sai ka samu sarari, na san halinka.

Tun daga ranar ban san inda zan sa kaina ba. Ni da na saba in abu ya lalace a gidan nan ni ake kira, yanzu ba abin da ke hannuna. Na karanta duk abin da na samu, na je wurin likita na biyu, maganarsa ɗaya da ta farko. Iyakar abin da na iya shi ne na ƙara fitilu a baranda da matattakala, na hana kowa barin bokiti a hanya. Mama ta tambayi dalili, na ce don gwiwarta ne. Ba ta sani ba har yau. Auta ya ce in aka gaya mata, shi da ita za a rasa wa zai riƙe wani.

Akwai babbar gasa wata mai zuwa, wadda suka yi shekara biyu suna neman shiga. Dogo ya rasa yadda zai yi, ya ce ba zai iya cire shi ba, kuma ba zai iya cutar sauran ukun ba. Auta ne ya hutar da shi. Ya tara su ya ce su nemi wani, shi zai zauna yana koya wa sabon. Ya dawo gida yana barkwanci, wai an yi masa ƙarin girma zuwa koci. Ya ci abinci, ya yaba, ya shiga ɗaki. Matarsa ta ce ya zauna gaban kwamfutar ya fi sa'a bai kunna ta ba.

Shekaranjiya da safe na fito zan tafi makaranta, na hango shi a dogon barandan nan. Idonsa a rufe, hannunsa ɗaya na shafa bango, yana tafiya a hankali daga ƙofar ɗakinsa zuwa matattakala, leɓensa na motsi yana ƙirga taku. Ya kai, ya juyo, ya sake. Koya wa kansa yake yi tun kafin lokacin ya zo. Na cire takalmina na koma ɗaki da baya don kada ya ji ni. A ranar na yanke shawarar rubuto maka, duk da ya sa na yi masa alkawarin ba zan faɗa ba. Allah Ya yafe mini, na kasa ɗauka ni kaɗai.

In ka kira shi, kada ka nuna ka sani. Ku yi hirarku yadda kuka saba, ka tsokane shi, ya rama. Zai gaya maka da bakinsa in ya shirya.

Ka gaishe mini da Anti ƙwarai, ka karanta mata wannan in ka ga ya dace. Ka gaida Babban Yaro da Likita mai yi wa 'yar tsana allura, ka shafa mini kan ƙaramar. Mama na gaishe ku, maigidana da 'yan biyu da matar Auta duk suna gaisuwa. Ka sa mu a addu'a.

Abu na ƙarshe, Yaya. Shekara shida ke nan kana cewa sai baɗi za ku zo. Auta bai taɓa ganin ƙaramar ba sai a waya, kuma kullum yana musu da Mama a kan kamannin wa ta ɗebo. Ban san iya lokacin da ya rage masa ba, likita ma ba ta sani ba. Ku zo bana.

Ƙanwarka,
Maman 'Yan Biyu