Ka ba wata lugudena

Zuwa ga ɗana da ke Lyon,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kana kuma tsare sallarka a kan lokaci. Na rubuto wannan wasiƙa a fili, inda kowa ke gani, domin kai ma a bainar jama'a ka yi abin da ka yi.

Ƙanwarka Rabi ta kawo mini faifan da kuka fitar, kai da Turawan nan masu furfura da suka fara kiɗan jita da ihu da ake kira metalkor tun kana rarrafe, yanzu suka ɗauke ka kana buga musu ganga. Sau uku na saurare shi a shagon ɗinkina da ke unguwar Château Rouge.

Ba zan yi maka ƙarya ba, kun iya. Yatsun masu jitar ba sa tuntuɓe, ƙafafunka kuma suna zuba kamar kekena in na taka shi da ƙarfi. Ban ji kuskure ko ɗaya ba. Amma waƙa tara ta wuce, babu wadda ta taɓa ni. Mai ihun nan naku ya daɗe yana yi, ya ƙware har mutum ba ya jin abin da ke masa ciwo. Surfanin inji ke nan: babu zaren da ya kauce, ka duba, ka yaba, ka ajiye.

Sai ta goma. Jitoci suka yi shiru, ka rage gudu, ka buga uku, ka ɗan jinkirta na huɗu. Na ajiye almakashi. Lugudena ne.

Ka tuna ɗakinmu na Montreuil, hawa na huɗu. Maƙwabcin ƙasa ya hana ni daka, sai na riƙa ninke bargo ina ɗora turmi a kai. Jinkirin nan ba gwaninta ba ce. Tsayawa nake yi in ji ko zai bugi rufin ɗakinsa da sanda. Kai kuma kana zaune a ƙasa da cokula biyu kana bi na. Har tsorona ka kwashe ka saka a faifai, kuma shi kaɗai ne mai rai a cikinsa.

Daga nan na buɗe takardar da ke cikin faifan. A ƙarƙashin waƙar ka rubuta cewa ka sadaukar da ita ga Odil, mahaifiyar mai jitarku, wadda ka kira uwarka ta Lyon.

Na san ta ba ka ɗaki, ta bar maka garejinta kana ta bugu. Rabi ta nuna mini bidiyonta a bakin dandamali, ta rungume ka, tana kiran sunanka da ƙarfi. Ni ban taɓa kiran sunanka ba. Ɗan fari ne kai, haka aka rene ni a Damagaram. Ban taɓa yabonka a gaban mutane ba. Na ce maka kiɗa ba sana'ar gidanmu ba ce, har yau kuma ban janye ba. Amma yaushe matar nan ta taɓa riƙe taɓarya?

Kishi nake yi. Na san bai dace da mace mai shekaruna ba. Na yi istigfari, bai tafi ba.

Rabi ta ce ranar Asabar kuna da wasa a Lyon. Ba zan shiga wurin ba, ana shan giya. Amma Lahadi da safe zan hau jirgin ƙasa. Ka gaya wa Odil na gode da riƙon da ta yi maka, kuma ta bar mini kicin ɗinta na yini guda. Zan tuƙa maka tuwo da miyar kuka, ka ci a gabanta, sannan da bakinka ka faɗa mata inda ka samo waƙar tata.

Allah ya shirye ka, ya tsare maka kunnuwanka da imaninka. Ya saka wa matar nan da alheri. Ni kuma ya sanyaya mini zuciya kafin Lahadi.

Innarka,
daga Montreuil