Daga Tafireta Zuwa Bakin Gulbi

Gusau,
16 ga Nuwamba, 1997.

Zuwa ga matata Wasila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi. Yaya ƙarfin jiki? Yaya Inna da ciwon gwiwarta? Ni ma lafiya lau, alhamdu lillahi.

Na san jiya kin yi ta sauraron tsayuwar mota a bakin titi. Ki yi haƙuri. Na riga na ɗaure kayana sai Manaja ya aiko da takardun neman wata kwangila, ya ce lallai Litinin da safe a kai su. Tun da aka ba mu jiha kamfanin nan bai huta ba. Ko'ina gini ake yi a Gusau, kuma kowane gini sai an buga masa takardu kafin a aza tubali.

Kin taɓa tambayata ko ni kaɗai ne mai buga tafireta a ofishin. Mu uku ne. Ibrahim ƙanin matar Manaja ne, yakan shigo da hantsi ya gaisa da kowa, ya ce an aike shi, shi ke nan sai gobe. Umar kuwa mutumin kirki ne, amma ya gano cewa in ya cika takarda da kurakurai ba a sake ba shi wata. To sai komai ya gangaro teburina. Har ɗauko wasiƙu a gidan waya an ɗora mini, wai ni ne ba na mantuwa.

Ban faɗa miki don ki damu ba. Manaja yakan ce a gaban baƙi, ba don Mas'udu ba da an rufe ofishin nan, ni kuma in ji daɗi in ƙara duƙufa. Abu ɗaya ne dai, yatsuna na dama sun fara mutuwa. Shekaranjiya kofin shayi ya suɓuce mini ban ji ba. Na sayi man zafi ina shafawa.

Maganar ɗakin da zai ishe mu har yanzu ba a dace ba. Ma'aikatan da suka dawo daga Sakkwato sun cika garin, masu gidaje sai yanga suke yi. Ki ƙara haƙuri da zaman Tsafe wurin Innata. Ga busasshen kifi da sabulu na ba Manu direba. Ki gaishe da Inna, in kin leƙa gidanku ki gaishe mini da Baba Alhaji.

Naki har kullum,
Mas'udu.

Gusau,
8 ga Fabrairu, 1998.

Wasila,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jego. Yaya ruwan zafi? Yaya yarinyar? A gaban mutane ba na iya tambayarta, amma a takarda ba mai ganina, don haka ki ba ni labarinta duka: tana barci? Da wa take kama?

Ranar suna ban samu na yi miki bayani ba, ke ma ba ki tambaye ni ba, kuma shirun naki ya fi faɗa yi mini nauyi. Tun kafin Sallah na nemi izini. Manaja ya amince, amma da ranar ta zo sai ya ce Ibrahim ya tafi ɗaurin auren abokinsa a Funtuwa, Umar kuma ba a iya ba shi aikin da ke gabanmu. Ya dafa kafaɗata ya ce, "In ka tafi wa zai yi?" Da can wannan maganar yabo nake ɗaukarta. Ran nan na fara jin ta daban. Na iso Tsafe an naɗe tabarmi, ƙannena na rabon sauran nama. Wani maƙwabci ne ya tare ni a ƙofar gida ya faɗa mini yadda aka yi addu'a, sai ka ce ni ne baƙon.

Akwai abin da nake so ki sani. A makon jiya an aike ni Bungudu kai wa injiniya takardu, na tarar ba ya nan. Ina jiransa na gangara bakin gulbi. Wasila, ban san haka wurin yake da rani ba: albasa da tumatir da rake, kore shar iya ganinki, ga injinan ban-ruwa na ta kuka. A gindin wata tsamiya na ga wani dattijo, Malam Bawa, ya baje inji yana gyara, manoma sun yi layi suna jiransa. Na tsuguna na riƙe masa sifana. Kin san a gidan injin niƙan marigayi Babanmu na tashi, warin baƙin man nan ya mayar da ni can. Sai da aka kira la'asar na tuna da injiniya.

Malam Bawa ya ce aikin ya fi ƙarfinsa, idonsa kuma ya fara rauni. Ya ce in ina so in riƙa zuwa ina koyo. Ban amsa ba, don Lahadi kaɗai gare ni, ita kuma taki ce. Ina roƙon ki ara mini wasu daga ciki.

Ki gaishe da Inna da masu taya ki jego.

Mijinki,
Mas'udu.

Gusau,
19 ga Afrilu, 1998.

Wasila,

Assalamu alaikum. Da fatan kun isa gida lafiya, zafin nan bai wahalar da 'yarmu Ummi a mota ba. Yaya gajiyar hanya?

Takardarki ta watan jiya tana aljihuna, na karanta ta har ta fara yagewa. Kin ce Baba Alhaji ma'aikaci ya ba 'yarsa, mai albashi da farin kaya, ba makanike ba. Kin ce albashi ko ya yi kaɗan yana zuwa, gulbi kuwa ba ya yi wa kowa alkawari. Ban ga laifinki ba, gaskiya kika faɗa. Shi ya sa ban amsa takardar ba.

Sai ga ki ranar Laraba a barandar ofis da goyo, ke da ƙanwarki Luba, kun fito daga asibiti. Na ce ku ba ni minti kaɗan. Kin ga yadda mintin ya zama. Kin ga Umar na karanta jarida, kin ga Ibrahim ya shigo ya yi wa Ummi wasa ya fita, kin ga sau nawa aka ƙwala mini kira. Na ji kunya ƙwarai da na zo karɓar yarinyar hannuna ya ƙi riƙewa, har sai da Luba ta tallafa. A tasha, da mota za ta tashi, kika ce in je in ga Baba Alhaji. Ba ki ce kin yarda ba, kuma ban ɗauka haka ba. Amma na gode.

Jiya na je, tare da Kawu. Mun same shi a rumfarsa ta hatsi, shi ya sa ban shigo gida ba, motar dawowa na jira. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya tambaye ni, sana'ar nake so ko wahala nake gudu? Na ce Baba, duka biyun ne. Sai ya ce ba zai hana ni ba, amma ke da Ummi kuna nan Tsafe har a yi kaka. In ya ga na tsaya da ƙafafuna, to. In bai gani ba, in dawo in nemi aikin ofis ko na masinja ne.

Gobe zan miƙa takardar barin aiki. Ba na jin haushin Manaja, kin san shi ya ɗauke ni lokacin da ba ni da kowa a garin nan. Zan ba shi wata guda ya nemi wani. Tsoro kam ina ji, ba zan ɓoye miki ba. Ki sa ni a addu'a, ki ce Inna ma ta yi.

Naki,
Mas'udu.

Bungudu,
8 ga Disamba, 1998.

Zuwa ga Maman Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna da mutanen gida. Yaya sanyi? An ce yarinyar ta fara tsayuwa da bango, Allah Ya raya mana ita.

Duk zuwan da na yi gida da damina ina ce miki lafiya lau, ke kuma kina kallon yadda na rame kina yin shiru. Yanzu da abin ya wuce zan iya faɗa. Da ruwa ya sauka kowa ya ajiye injinsa a ɗaka. Muka koma gyaran babura da injinan niƙa, wata rana mu wuni ba wanda ya tsaya. Matar Malam Bawa, Inna Yelwa, ita ta riƙe ni da tuwo. Manaja ya aiko mini har sau biyu in koma aiki. A na biyun na sa takalmi na kama hanyar tasha, na yi rabi na dawo.

Da aka fara aikin rani kuma na yi ɓarna. Wani manomi, Mahadi, ya kawo injinsa Malam Bawa ba ya nan, na ce zan iya. Na ɗaura ringin cikin injin ba daidai ba, injin ya yi hayaƙi ya tsaya, ga dashen tumatirinsa sabo yana jiran ruwa. Kafin a samo kayan gyara daga Gusau sai da muka koma ɗiban ruwa da bokiti, ni da shi da matansa, daga gulbi zuwa gona. Wani sashe ya rayu, wani ya ƙone. Mahadi ya faɗa mini maganganu, na kuwa cancanta. Malam Bawa bai yi faɗa ba, ya sa ni na kwance injin na ɗaura a gabansa har sai da hannuna ya haddace. Yanzu yawancin aikin ni nake yi, shi yana zaune yana saurare. Da kunne yake gane ciwon inji, ni ban kai nan ba tukuna.

Kina tsammanin jiya Baba Alhaji Gusau ya tafi sayen buhuna. To nan ya zo. Ina ƙarƙashin tsamiya, hannu dumu-dumu da mai, na ɗaga kai na gan shi tsaye da sandarsa. Na rasa yadda zan gaishe shi. Ya ce in ci gaba da aikina, ya zauna a benci kusa da Malam Bawa suna shan rake. Ya ga na tayar da inji biyu, ya ga na uku ya gagare ni na ce wa mai shi sai gobe. Har Mahadi ya zo ana nan, ya ba shi labarin tumatir tun daga farko bai rage komai ba, sannan ya ajiye injin ƙaninsa ya ce in duba. Bayan azahar Baba ya ce in nuna masa inda nake kwana. Na kai shi gidan da na kama, ɗaki biyu da rijiya, kusa da su Inna Yelwa. Ya leƙa rijiyar, ya girgiza ƙyauren ɗaki, ya ce a sake masa sakata.

Na raka shi tasha. Sai da ya sa ƙafa ɗaya a mota ya juyo ya ce, "Ranar Lahadi ka aiko a ɗauke su. Kada azumi ya same ka kai kaɗai."

Na yi magana da Manu, zai kawo ku har ƙofar gida. Ki fara ɗaure kaya. Sakatar kuwa tun da safe na sake ta.

Ki gaishe da Inna, ki ce ina nan zuwa in yi mata godiya da bakina.

Mijinki mai jiranku,
Mas'udu.