Auta da Sha Bakwai

Zuwa ga Malamin Lissafi na aji biyar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ni ce mahaifiyar yarinyar da kuke kira Auta, wadda ka mayar bencin baya ranar Litinin. Da na zo da ƙafata, amma shagon ɗinki ba ya rufe kansa, kuma gara da ban zo ba, don raina a ɓace yake.

Ta dawo gida idanunta sun kumbura. Wai ka ce kowa ya tashi ya kawo lissafin sau na sha bakwai, ita da ta tashi ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, ka ce na gaba. Haba Malam! Shekara guda tana gabanka, ba ka san tana da in'ina ba? Yarinyar da sunanta ma sai ta yi kokawa da shi kafin ya fito, ita za ka ƙirga wa uku?

Wallahi ta iya. Tana wanke-wanke tana rera shi tun daga sha bakwai sau ɗaya har ƙarshe, ko tuntuɓe babu, don in tana waƙa harshenta ba ya sarƙewa. Har ni na haddace, ina taka keke ina amsa mata. An ce mini ranar Alhamis ta sama za a yi gwajin shiga aji shida a gaban hedimasta, wanda bai kawo ba sai ya maimaita aji. To ka bar ta ta rera. 'Yata ba za ta maimaita aji saboda harshenta ba.

Na gode, a huta lafiya.
Maman Auta

Zuwa ga Maman Auta,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso, na kuma fahimci damuwarki. Game da ƙirgen da na yi mata, ban kyauta ba.

Sai dai batun waƙa ba zan amince ba, ga dalilina. Yara suna haddace sau biyu zuwa sau sha biyu kamar waƙar wasa, ba su san abin da suke faɗa ba. Shi ya sa nake ba su babbar lamba, domin a nan ake gane wanda ya fahimta. Jiya na kira Auta ita kaɗai, na ce ta rubuta mini sha bakwai sau takwas. Sai da ta koma farko tana motsa baki tana bin waƙar kafin ta iso wurin. Wannan hadda ce kawai. Abin da nake koya musu shi ne su raba lambar gida biyu, goma daban, bakwai daban. Goma sau takwas tamanin, bakwai sau takwas hamsin da shida, a haɗa.

Duk da haka na roƙi hedimasta, ya yarda ranar gwaji ta zauna a ofis ita kaɗai ta rubuta a takarda. Ina ganin wannan ya fi mata sauƙi.

Nagode,
Malamin Lissafi

Malam,

Sallama da gaisuwa. Na karanta takardarka sau biyu, na farko ina huci, na biyu ina neman inda ka yi ƙarya. Ban samu ba, kuma abin ya ƙona mini rai. Na tsare ta a bakin ƙofa na ce sha bakwai sau shida, sai ga bakinta yana mutsu-mutsu daga farko. Ka yi gaskiya. Kada ka saba jin haka daga bakina.

Na zazzage gwangwanin maɓallai a kan teburin yanka. Baƙaƙe su ne goma-goma, farare bakwai-bakwai. Kwana biyu muna fama, tana tsaki ina tsaki, har wata mai karɓar ɗinki ta tarar da mu ta ce ko caca muka fara. Yanzu ko daga barci ka tashe ta ka jefa mata kowace lamba, za ta lumshe ido ta raba ta haɗa. Fitowar ce dai sai a hankali.

Batun ofis kuwa, ni har na yi hamdala, na ce mata an samu sauƙi. Ka san abin da yarinyar nan ta yi? Ta ajiye cokali ta kalle ni. Ta daɗe tana fama da maganar, jijiyar wuyanta duk ta tashi, na bar ta har ta fito. Ta ce, “Mama, kowa a tsaye zai faɗa, ni a ɓoye ni a ofis? Me na sata?” Na ce to ki rera mana. Ta ce ba za ta rera ba, ita ba rediyo ba ce.

Kunya ta kama ni, Malam. Ni da nake ta ɗaga murya a kanta, ashe ni ma hanyar ɓoye ta nake nema. Saboda haka ka mayar wa hedimasta ofishinsa, mun gode. Za ta tsaya a gaban aji kamar kowa, ta faɗa da bakin da Allah ya ba ta. Abu ɗaya nake nema, a jira ta.

A gaida iyali.
Maman Auta

Maman Auta,

Bayan gaisuwa. Na kai maganar. Hedimasta ya ce dokar gwaji ɗaya ce ga kowa, shi ke riƙe da agogo, kuma ba zai ƙara wa kowa lokaci ba. In lokacinta ya cika ba ta gama ba, ta faɗi. Takardar ofis tana nan har safiyar Alhamis. Don Allah ku sake tunani, shekara guda ba wasa ba ce.

Malamin Lissafi

Malam,

Mun gaishe ka. Mun sake tunani, ni da ita. Na goge mata kayan makaranta.

Maman Auta

Maman Auta,

Assalamu alaikum. Na san za ta ba ki labari, amma ina so ki ji daga wurina.

Hedimasta ya tambaye ta a warwatse, ba a jere ba. Ta amsa biyu daidai. A ta uku, sha bakwai sau tara, ta maƙale a kan “ɗari”. Wasu yara suka fara dariya. Hedimasta ya ce lokaci ya cika, ya umarce ta ta zauna. Ba ta zauna ba. Ya sake faɗa da ƙarfi, ta riƙe bakin benci da hannu biyu tana ta fama, gumi yana zuba, har masu dariyar suka yi tsit. Sannan ta ce ɗari da hamsin da uku, ta zauna da kanta.

Hedimasta ya ce ba ta ci ba. Ni na sa sunanta cikin waɗanda suka ci, na sa hannu a ƙasa. Ya ce in goge, na ce ba zan goge ba. Ya kira ni ofis gobe da safe, ban san yadda za mu ƙare ba.

Ki saya mata littafin aji shida.

Nagode,
Malamin Lissafi