Ita Ta Juya Batirin

Malama, ki taimake ni. Ni tsoho ne mai gyaran rediyo, ban yi boko ba. Maƙwabcina tela ke rubuta min wannan, na kuma hana shi gyara min magana.

Jikata ta rubuta littafin soyayya. Da aka karanta min sai na ji labarina ne da marigayiya kakarta. Yarinya tana kawo wa saurayi rediyo gyara, ashe ba abin da ya lalace, ita ke juya batirin a gida don ta samu dalilin zuwa shago. Har sau uku. Haka aka yi, ba ƙarya, ko launin mayafinta ban manta ba. Amma shekara hamsin ina gaya wa 'ya'yana ni na bi ta, ni na sha wahala. A zamaninmu mace ba ta fara nuna tana so. Na rufa mata asiri tana raye, sau ɗaya bakina ya suɓuce ina jinya, jikar nan ta kwashe.

Yanzu abokan hirata a bakin shago suna cewa yarinyar littafin ba ta da kunya, ba su san wa suke zagi ba. Saurayin kuwa ba wanda ya ce masa uffan. Na ce wa jikar ta canza, ta ce ba za ta yi wa kakarta ƙarya ba. Wata biyu ke nan na hana ta shigo min gida. Ita ce kuma mai yanke min farce. Ni ba na janye magana. Yaya zan yi?

Tsoho mai rediyo

Baba, sannu da haƙuri. Kana da gaskiya a abu ɗaya: sirrin da aka ji a bakin majinyaci ba a buga shi sai da izini. Nan jikarka ta yi kuskure, ya kamata ta ba ka haƙuri.

Amma me marigayiya ta yi? Da rana tsaka ta zo shagonka, a gaban jama'a, ta zaɓi mutumin kirki, ta zauna da shi har ƙarshen ranta. Ban ga abin kunya ba. Kuma Baba, gwani irinka ai tun zuwan farko ya ga batirin a juye. Me ya hana ka nuna mata? Ku biyu kuka yi aikin nan, ita kaɗai ake zagi.

Kada ka sa a canza labarin. Ba dole ka gaya wa abokanka ko wace ce ba, amma in sun sake, ka ce kai ka san darajar irin wannan yarinya. Sannan ka aika jikarka ta zo. Ba janye magana ka yi ba, farcenka ne ya yi tsawo.

Allah ya jiƙan mai juya batir, ya daidaita tsakaninku.