Addar Bahago

Laraba, bayan isha'i. Ruwan Gizo.

Kafaɗata ciwo take, amma dariya ta hana ni kwanciya.

Jiya na amso addata wurin Baba Ummaru maƙeri a kasuwar Mafara. Mako biyu ke nan da na kai mishi guntun ƙarfen sifirin mota ya ƙera mini ta sassabe. Ban ce mishi ni bahago ne ba. Wa ke faɗin wannan? Tun ina yaro Inna ke buge mini hagu da ludayi.

Da ya miƙo ta, sai na ga kaifin ya karkata ɗaya gefen, ƙotar ma haka. Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, ko kuskure anka yi?"

Ko kai bai ɗaga ba. Ya ce, "Da dama kag gaishe ni, amma da tartsatsi yat tashi, da hagu kak kare ido. Tafi ka sara, in ta ƙi ka maido."

Yau na shiga gona da ita. Sabara kamar ana yankan kabewa! Kafin azahar na kai iyaka, Yaya Sani kuwa, mai ce mini rago tun muna samari, ko rabi bai yi ba. Ya ce in ba shi ya gwada. Sara uku tana zamewa, ya yar da ita yana huci: "Wagga adda ba ta ci!"

Na ɗauki abata, na goge. Na ce, "Yaya, haka taku take mini shekara talatin."