Allura Ɗaya, Ciwo Biyu

Ɗakin Shan Magani, Ƙaraye
Yuli, 1957

Zuwa ga maiɗakina Rekiya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jego, yaya baƙuwarmu? Ina fata Goggo da mutanen gida a Rogo duk kuna lafiya.

Bayan haka, ki zauna kafin ki ci gaba da karatu. An kawo mini yayanki Dogara daga Kurugu a kan amalanke. Sa ne ya soke shi a mara suna huɗa. Sai da suka kwana suna shafa masa saiwa, jiki ya yi zafi, sannan suka tuna da mu. Na wanke ciwon, na ɗaure.

Kusa da shi akwai wani maƙeri, Lado, mutumin Kafin Dafga, wanda fartanya ta sara a ƙafa. Da kin gan su sai ki ce ciwo ɗaya suke yi: zazzaɓi, makyarkyata, zuciya tana bugu kamar ta tsuntsu a hannu. Guba ce ta bar bakin ciwo ta shiga jini. Na yi wa kowannensu allurar fenisilin, wadda ban taɓa ganin ta ba ni kunya ba.

Kada ki gaya wa Goggo tukuna. Ki ce dai ya ji ɗan rauni, yana hannun surukinta.

Naki,
Ilu

*

Ƙaraye

Zuwa ga Rekiya,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya. Na ga takardarki, na kuma yi murna da yadda rubutunki ya miƙe. Ajin yaƙi da jahilci bai tafi a banza ba.

Kin ce in faɗa miki gaskiya. To, ina jin tsoro.

Lado ne na zaci zai riga mu gidan gaskiya. Ciwon ya hau masa huhu, yana numfashi kamar zugazuginsa, leɓɓansa suka yi baƙi. Amma allura ta karɓe shi, yau har ya sha kunu. Dogara kuwa numfashinsa lafiya lau, ciwon nasa ma ya fara kamewa, amma fitsari ya ɗauke. Na ajiye masa tasa tun jiya, ko ɗigo babu. Idanunsa sun koma rawaya, hannuwansa sun yi sanyi alhali goshinsa kamar garwashi. Da hantsi ya kira ni da sunan mahaifinku.

Likitan da ke rangadi daga Kano yana nan garin, ruwa ya cinye hanya ya tsare shi. Ya ɗebi mugunyar kowannensu, ya rina, ya sa a madubinsa na ganin ƙwayoyin cuta, ya ce in leƙa. Na Lado ƙananan ƙwayoyi ne kewayayyu, cure wuri ɗaya kamar gero a zangarniya. Na Dogara kuwa 'yan sanduna ne, kamar an kakkarya tsintsiya. Ya ce ƙahon ya taɓa hanji, daga can suka fito. A jikin Lado huhu suka nufa, a jikin Dogara ƙoda da hanta suke ci, kuma allurarmu ba ta ko kallon irin nasa.

Shekara nawa ina wannan aiki ina ɗauka ƙwayar cuta ƙwayar cuta ce. Yanzu in na ɗauki sirinji, na san ruwa kawai nake ɗura wa Dogara. Akwai wani magani a Kano. An tura ɗan aike, amma kogin Challawa ya kawo, ba mai ƙetarewa.

Ku yi wa Dogara addu'a. Yanzu kam ki gaya wa Goggo.

Naki,
Ilu

*

Ƙaraye

Rekiya,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Dogara rasuwa jiya bayan azahar. Jikinsa ya kumbura, sannan ya yi barcin da bai farka ba. Ina riƙe da kansa. Mun kai shi Kurugu, an yi masa sutura cikin jama'a. Maganin Kano ya iso muna dawowa daga maƙabarta. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri.

Da na so in tsaya nan, amma takardar da ta zo yau ba hannunki ba ne, hannun malamin unguwarku ne. An ce kina makyarkyata, mararki tana ciwo, kuma jinin biƙi ya sake wari. An ce Goggo tana ganin wankan jego ne bai ratsa ki ba.

Ba wanka ba ne. Na ga farkon abin nan sau biyu a ɗaki ɗaya, kuma farkonsa duk iri ɗaya ne. Abin da ke kashe mini jiki shi ne ban san wanne ne a jikinki ba, mai kama da gero ko mai kama da sanda.

Don Allah a dakatar da ruwan zafi. Ki yi ta shan ruwa ko ba ki so. Duk fitsarin da kika yi a tara a ƙoƙo, kada a zubar, kada ki ji kunya. Likita ya ba ni izini, ya kuma ba ni duka magungunan biyu, har wanda aka kawo don yayanki. Mai kawo miki wannan yana kan doki, ni ina biye a keke. In laka ta hana, zan saɓa shi a kafaɗa.

Ilu

*

Ƙaraye
Agusta, 1957

Zuwa ga maiɗakina Rekiya,

Gaisuwa mai yawa. Na iso lafiya, na tarar da layin masu jira har bakin titi, shi ya sa ban rubuto da wuri ba.

Likita ya duba abin da na ɗebo daga gare ki. Kewayayyu ne, irin waɗanda allura ke ci. Da ya faɗa sai na zauna a kan akwatin magani. Ranar da na shigo ɗakinki, kin ga na wuce ki na nufi ƙoƙon nan ko gaisuwa babu. Ki yafe ni. Da na gan shi a cike, a lokacin ne na fara numfashi.

Har yanzu in mai kawo wasiƙa ya yi sallama gabana faɗuwa yake yi. Ki gaishe mini da Goggo, ki ƙara yi mata ta'aziyya. Kuma in kin samu ƙarfi, ki rubuto mini ko layi ɗaya ne, amma da hannunki, kada ki ba kowa.

Naki har kullum,
Ilu